Bayan An Rufe Rami: Tarihin Mahaƙan da Suka Koma Zane da Furfura, da Darasinsa Ga Arlit

Ranar 31 ga Maris, 2021, aka dakatar da haƙar yuraniyom a ramin Akuta na kamfanin COMINAK, kusa da garin Akokan a jihar Agadas. Shekara 43 ana shiga ramin nan dare da rana. Zurfinsa ya kai wajen mita 250, hanyoyin da aka fafe a cikinsa kuma sun haura kilomita 200 in aka haɗa su. A tsawon wannan lokaci an fitar da yuraniyom kusan tan dubu 75. Da aka rufe, ma'aikatan kamfanin su wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan da ke cin abinci ƙarƙashin 'yan kwangila.

Waɗannan alƙaluma duk suna rubuce a takardun kamfani da na gwamnati, ba za su ɓata ba. Abin da ke iya ɓata shi ne abin da idanun mahaƙan suka gani: yadda ake sauka, yadda duhun yake, yadda ake cin abinci da yin sallah lokacin aiki, yadda mata ke sauraron dawowar mazajensu. Wannan yana cikin kawunan mutanen da yau yawancinsu furfura ta cim musu, wasu sun koma Maraɗi, wasu Damagaram, wasu Tawa, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Arlit da Akokan ba su ne garuruwan farko da suka shiga wannan hali ba. A Japan da Ingila an yi garuruwan da rami ya haifa, daga baya ramin ya mutu ya bar su. A waɗannan wurare an samu mahaƙan da suka taɓa son zane suna yara, yunwa ta tura su rami, sai da girma ya zo suka ba shi ƙarfinsu. Ɗaya ya zama mai zane da ke ci da sana'arsa yana da shekara kusan 47, ɗaya kuma ya fara yana da 66, aikinsa ya shiga kundin tarihin duniya. Tarihinsu ya shafe mu, mu malamai da iyaye, domin abin da ya same su yana farawa ne daga aji da tsakar gida.

Yadda gari ya tsiro a hamada

A 1957 masu binciken ƙasa na Faransa da ke neman tagulla a Azelik, yamma da Agadas, suka ci karo da alamun yuraniyom. Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa ta ɗora bincike daga nan, har aka gano manyan jijiyoyin ma'adinin a gefen yamma na duwatsun Azbin. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, a 1969 aka fara gina garin Arlit, wajen kilomita 240 arewa da Agadas, a 1971 kuma aka fitar da yuraniyom na farko daga buɗaɗɗen rami. COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara haƙa a 1978, aka gina masa Akokan 'yan kilomitoci kaɗan daga Arlit. Masu hannun jarinsa sun haɗa da Faransa da Nijar da Sifaniya, sai wani kamfanin Japan da ya riƙe kashi 25 cikin ɗari na shekaru masu yawa.

Aikin yana bukatar wuta da hanya. Saboda haka aka kafa SONICHAR a 1975 don haƙar kwal a Anu Araren, kusa da Cirozerin, aka kuma shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, wadda har yau ake kira hanyar yuraniyom. A ƙarshen shekarun 1970, zamanin mulkin Seyni Kunce, yuraniyom ya ba Nijar fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗin da take samu daga kayan da take fitarwa waje. Samari suka yi ta kwarara arewa daga ƙasar Hausa da ta Zabarmawa, har da baƙi daga Benin da Togo da wasu ƙasashe, Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha. Masu aiki a kamfani suka samu gidaje da ruwa da lantarki da asibiti, waɗanda ba su samu shiga ba suka kafa unguwannin da sunansu kaɗai ya isa bayani: Bukkoki. A lokacin ne ake yi wa Arlit kirari da Paris ta biyu.

Daɗin bai daɗe ba. Farashin yuraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980, aka yi ta rage ma'aikata. Tawaye ya ɓarke a arewa a shekarun 1990, ya sake dawowa daga 2007 zuwa 2009. A watan Satumba na 2010 aka sace baƙi bakwai a Arlit, a watan Mayu na 2013 aka kai hari da mota mai bam a masana'antar SOMAIR. Ta ɓangaren lafiya kuma, ƙungiyar Aghirin'man ta Almustafa Alhasan ta daɗe tana kuka kan ƙura da ruwa da tsofaffin ƙarafan kamfani da ke shiga kasuwa. Masu bincike na CRIIRAD sun zo a 2003, na Greenpeace a 2009, suka ce sun auna tururin nukiliya da ya wuce ƙima a wasu wurare, kamfanin kuma ya yi ta cewa yana bin ƙa'idojin duniya. COMINAK ya bar tarin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20 da aka fara aikin rufewa. A watan Yuni na 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa.

An ɗauki wani ɓangare na wannan tarihi a fim. Idrissou Mora-Kpai, ɗan Benin, ya fitar da nasa a kan Arlit a 2005, Amina Weira kuma, 'yar wani tsohon ma'aikacin ma'adinin, ta fitar da nata a 2016. Sai dai kyamara tana ɗaukar abin da ke gabanta ne a ranar da aka kunna ta. Abin da ya wuce shekara 30, a ramin da aka riga aka toshe, hannun wanda ya gani ne kaɗai zai iya dawo da shi.

Ƙasar da zane ya riga rubutu

Kada wani ya ce zane baƙon abu ne a Azbin. A Dabus, 'yan kilomitoci daga hanyar Agadas zuwa Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse. Babban ya kai mita 5.4, ga zanen fatarsa ɗaya bayan ɗaya, ga wani layi ya sauko daga bakinsa zuwa surar wani ɗan ƙaramin mutum. Masana sun kiyasta shekarunsu tsakanin dubu shida zuwa dubu takwas. Wani Bafaranshe, Christian Dupuy, shi ya fara rubuta bayaninsu a 1987, a 1999 aka ɗauki kwafinsu, aka kafa guda a filin jirgin saman Agadas. A kewayen dutsen kaɗai an ƙirga zane sama da 800: shanu, jiminu, barewa, zakuna.

Waɗanda suka yi wannan aiki ba su bar mana suna ba, ba su bar littafi ba. Amma da hannunsu muka san cewa inda yau babu komai sai rairayi da duwatsu, a da akwai ciyawa da ruwa da namun daji. Wato a wannan yanki zane ne shaidar tarihi ta farko.

Kuma hannun bai mutu ba. Yana nan a aikin maƙeran azurfa na Agadas, da jakunkunan fata na matan Abzinawa, da adon bangon tsohon birnin da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013. A ƙasar Hausa yana nan a dagin da magina ke yi a goshin soro, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da zayyanar da alaramma ke yi wa allon mai sauka. A zamaninmu Hawad, wanda aka haifa a Azbin a 1950, ya mayar da haruffan tifinag zane da tawada har ana baje aikinsa a Turai, Rissa Ixa kuma ya yi suna a Yamai da zanen rayuwar Abzinawa a bayan gilashi.

Mai gadin dare na Tagawa

An haifi Sakubei Yamamoto a 1892 a yankin Cikuho da ke lardin Fukuoka, kudancin Japan. Cikuho a lokacin ita ce babbar matattarar kwal ta ƙasar, da kwal ɗinta ake hura masana'antar ƙarfe ta Yawata da aka buɗe a 1901. Mahaifinsa matuƙin kwalekwalen dakon kwal ne a kogin Onga, da jirgin ƙasa ya zo ya kashe wannan sana'a sai iyalin suka koma rami. Sakubei ya fara bin manya cikin rami yana da wajen shekara bakwai, karatunsa na firamare ya zama yau a je, gobe a fasa.

Yaro ne mai son zane. Da ya zama saurayi har ya nemi ya mayar da shi sana'a, amma halin gida bai bari ba. Ya koma rami, ya yi aikin sarar kwal da na ƙira, yana tashi daga wannan mahaƙa zuwa waccan, sama da shekara 50. Abu guda ne bai yar ba: yana rubuta abin da ya faru kullum a ɗan littafinsa. Babban ɗansa ya mutu a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1955 aka rufe ramin da yake aiki a Tagawa, domin Japan ta fara juyawa daga kwal zuwa man fetur. Yana da shekara 63, ba rami, ba ƙarfin da.

Daga baya ya samu aikin gadin dare a ofishin kamfanin ma'adinai. A cikin wannan zaman kaɗaici na dare, da tunanin ɗansa da ya rasa, ya ɗauki alƙalami ya koma abin da ya bari tun ƙuruciya. Wajen 1958, yana da shekara 66, ya duƙufa sosai. Dalilinsa a fili yake: ramukan suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, jikokinsa kuma za su tashi ba su san yadda kakanninsu suka rayu ba.

Ya fara da baƙar tawada, daga baya wani ma'aikacin ɗakin karatu na birnin Tagawa ya ƙarfafa masa gwiwa ya koma fentin ruwa mai launi. Ya zana miji kwance a kan haƙarƙarinsa yana sarar kwal a wurin da ba a iya miƙewa, matarsa a baya tana jan kaya. Ya zana uwa tana sauka rami da goyo, ɗanta na riƙe da fitila. Ya zana fashewar iskar gas, da ambaliyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa, da irin horon da 'yan kamasho ke yi wa wanda ya nemi gudu, da boren tsadar shinkafa na 1918, da wasannin yara, da camfe-camfen mahaƙa irin hana yin fito a cikin rami. A gefen kowane zane yakan rubuta bayani: sunan kayan aiki, yadda ake amfani da shi, da zamanin da aka yi hakan. Bai ƙawata komai ba, burinsa kawai kada ya yi ƙarya ko da a ƙulli ɗaya na igiya.

An buga littafin zanensa na farko a 1963. Babbar mahaƙa ta ƙarshe a Cikuho ta rufe a 1976. Shi kuma ya ci gaba da zane har ya haura guda dubu, ya rasu a 1984 yana da shekara 92. A watan Mayu na 2011 UNESCO ta sa ayyukansa 697, zane 589 da littattafan rubutunsa, cikin kundinta na taskar tunawa ta duniya. Shi ne abu na farko daga Japan da ya shiga wannan kundi. Ƙasa mai tsofaffin littattafan sarakuna na shekara dubu, amma aikin mai gadin da bai gama firamare da kyau ba ne ya fara buɗe mata ƙofa. Dalili kuwa shi ne takardun gwamnati da na kamfanoni sun faɗi yawan kwal ɗin da aka haƙa, shi kuma ya nuna mutanen da suka haƙa shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ajin yamma a garuruwan kwal na Ingila

Labarin Ingila ya fi kusa da aikinmu na koyarwa, don a aji ya fara. A 1934, a garin Ashington da ke arewa maso gabashin ƙasar, wasu mahaƙan kwal da ke halartar karatun manya da yamma suka nemi a koya musu yadda ake fahimtar zane. Aka turo musu wani malami daga kwalejin Armstrong ta Newcastle, Robert Lyon. Ya zo da hotunan manyan ayyukan Turai yana haska musu a bango, ya lura abin bai shige su ba, domin yawancinsu ba su taɓa shiga gidan baje zane ba. Sai ya sauya dabara: kowa ya je ya zana abin da ya sani, mako mai zuwa a kawo a tattauna.

Suka zana rami, da dawakan da ke jan kwal, da tseren karnuka, da matansu a bakin murhu, sau da yawa da ragowar fentin bango a kan katako ko kwali. A 1936 aka baje aikinsu a Newcastle. Ƙungiyar ta rayu wajen shekara 50, a 1980 har aka kai zanensu ƙasar Sin. Yau an rufe ramukan Ashington, amma zanen yana nan a gidan tarihi na Woodhorn, wanda shi kansa tsohuwar mahaƙa ce. Waɗannan mutane ba su bar aikin rami ba, zane ya zauna musu a matsayin abin yi bayan an tashi.

Wanda ya tsallaka ya mayar da shi sana'a shi ne Norman Cornish na garin Spennymoor. An haife shi a 1919, ya shiga rami a ƙarshen 1933 yana da shekara 14, a wata mahaƙa da ta yi ƙaurin suna wajen haɗari har ake mata laƙabi da mahauta. Yana da 15 ya shiga ƙungiyar masu zane ta wata cibiyar ilimin manya da aka buɗe a garin lokacin da rashin aiki ya yi tsanani. Shugaban cibiyar, Bill Farrell, ya ba shi shawara irin ta Lyon: ya zana rayuwar da ya sani.

Shekara 33 Cornish yana sarar kwal, yana yawo da ɗan littafin zane da alƙalami a aljihu. Ya zana mahaƙa a kan hanyar zuwa aiki da asuba, kawuna a sunkuye, ya zana titunan garinsu da matarsa Sarah tana saƙa. Daga 1959 wani gidan sayar da zane a Newcastle ya fara karɓar aikinsa. A farkon shekarun 1960 hukumar lardin Durham ta ba shi kwangilar wani babban zane mai tsawon wajen mita tara don sabon ginin majalisarta. Duk da haka bai bar rami ba sai 1966, da ciwon baya ya matsa masa. Yana da iyali, yana tsoron barin albashin da ya saba da shi, matarsa ce ta tsaya masa ta ce ya gwada. Ya haɗa da koyarwa ta 'yan sa'o'i a kwalejin zane ta Sunderland don rufin asiri. Ya yi kusan shekara 48 yana ci da hannunsa, jami'ar Newcastle ta ba shi digirin girmamawa a 1974, ya rasu a 2014 yana da shekara 94.

A lura da yadda abin ya kasance, domin a nan ne masu ɗokin barin aiki kan yi kuskure. Cornish bai wayi gari ya ajiye diga don yana jin yana da baiwa ba. Sai da ya tara shekara 30 na gwajin hannu, ya samu mai saye, ya samu kwangila, ya samu aikin gefe, ya samu goyon bayan gida. Da haka sana'ar ta ɗauke shi.

Tambayar da iyaye kan yi

Duk malamin da ya taɓa ba yara aikin zane a ƙasarmu ya san akwai uban da zai zo ya tambayi hukuncin zana abu mai rai. Tambaya ce ta gaskiya, malaman addini sun yi bayani a kanta, kowane gida kuma yana da malamin da yake bi. Abin da ya kamata a sani shi ne filin zane ya fi surar mutum da dabba faɗi nesa ba kusa ba. Injin huda dutse, motar dakon ma'adini, taswirar hanyoyin rami, unguwa da kasuwa, dutse da gajimare, duk zane ne, kuma duk shaida ce.

Tarihin Ibrahim El-Salahi na Sudan ya isa misali. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya yi karatun zane a Landan a shekarun 1950, da ya dawo gida ya ga mutanensa ba su damu da irin zanen Turawa da ya koyo ba, sai ya koma ga harafin Larabci da adon allo ya gina salonsa a kansu. Aikin gwamnati ya ɗauke shi, a 1975 aka tsare shi a kurkukun Kobar wata shida ba shari'a, inda yake zane a ɓoye a kan guntayen takardar buhun siminti. Bayan ya fito ya yi shekaru yana aikin ofis a Ƙatar, sai a 1998 ya zauna a Oxford ya ba zane sauran ƙarfinsa. A 2013, yana da shekara sama da 80, gidan zane na Tate Modern a Landan ya baje aikin rayuwarsa, karo na farko da aka yi wa ɗan Afirka haka a wurin. Allon da ya taso da shi bai hana shi ba, shi ne ma jarinsa.

Abin da ya rage gare mu

Idan aka jera waɗannan mutane za a ga abu uku sun haɗa su. Na farko, da yawansu sun taɓa zane suna yara, kuma ba a kashe musu son abin ba ko da talauci ya jinkirta shi. Na biyu, kowannensu ya haɗu da wani mai ilimi da ya ɗauke shi da muhimmanci: malamin ajin yamma, shugaban cibiya, ma'aikacin ɗakin karatu. Na uku, abin da ya ba aikinsu daraja shi ne sanin da suka tara a wurin aiki, wanda ɗan shekara 20 da ya fito daga makarantar zane ba shi da shi. Shekarun rami ba asara ba ne a gare su, su ne kayan aikin.

Na farkon yana hannunmu. Mun san yadda ake yi da darasin zane a makarantunmu: shi ne na farko da ake cinyewa in jarrabawa ta matso, a ba lissafi lokacinsa. Mun san yaron da ake duka don ya cika bayan littafinsa da motoci. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa zane yana gyara riƙon alƙalami, yana koya wa ido lura, amma da muka shiga aji mai yara 80 sai muka ajiye wannan a gefe. Yaron da ya iya zana injin niƙa daidai, da bel ɗinsa da kusoshinsa, ya riga ya fara karatun injiniya. In ma bai zama komai da shi yanzu ba, an ajiye masa abin da zai iya komawa gare shi yana da shekara 60. Alli da allo sun isa a fara, gawayi da kwali ma sun isa.

Na biyun ma bai fi ƙarfinmu ba. Ajin Ashington bai ci komai ba sai ɗaki ɗaya da malami ɗaya da yamma ɗaya a mako. Makarantun Arlit da Akokan da Cirozerin suna da azuzuwan da ke zama a rufe bayan la'asar. Shugaban makaranta da ƙungiyar iyayen yara za su iya gayyato tsofaffin mahaƙa, a ba su takarda da fensir, a ce kowa ya zana wurin aikinsa ya rubuta bayani a gefe, da Hausa ko Tamashek ko Faransanci, da boko ko ajami ko tifinag. Wanda hannunsa ke rawa ya faɗa, jikansa ya zana, shi kuma ya gyara masa. A sa suna da shekara a kan kowace takarda, a adana a makaranta, a ɗauki hotonta da waya. Haka za a yi a Maraɗi da Damagaram da Tawa, inda da yawa suka koma bayan ritaya. Kada a manta da matan, domin rabin tarihin garin a hannunsu yake: layin famfo, ƙurar da ke shiga tukunya, daren da aka ji ƙarar bam.

Batun ci da sana'ar kuwa, gaskiya kasuwar ba ta da faɗi. Masu yawon buɗe ido da a da ke sayen kayan hannu a Agadas sun ɗauke ƙafa tun rikicin 2007. Amma akwai allunan shaguna, da adon manyan motoci, da hotunan littattafan makaranta, da fastocin faɗakarwa na asibiti, akwai taron Ingal na kowace shekara, da bikin Azbin a Iferwan, da rumfunan masu sana'ar hannu a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, ga kuma Facebook da WhatsApp da ke kai hoto inda mota ba ta zuwa. Wanda ya karɓi kuɗin sallama kada ya zuba su duka a fenti. Ya bi sawun Cornish, ya riƙe abin da ke kawo cefane, hannu yana nuna a hankali.

Sai dai lokaci ba ya jira. Saurayin da ya shiga ramin Akuta a 1978 yana da shekara 22, yau yana bakin 70. Yamamoto ya fara ne shekara uku bayan an rufe raminsa, tun sunayen kayan aiki ba su gushe masa ba. An rufe COMINAK tun 2021, kuma kowace shekara ana binne wasu daga cikin waɗanda suka san cikinsa. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi. In akwai tsohon mahaƙi a gidanku ko a unguwarku, wanda kuka taɓa gani yana zana wa yara mota a ƙasa da tsinke, ku saya masa littafin zane da fensir, ku zauna kusa ku tambaye shi yadda ramin yake.